Tof Gasket Ya Ƙone, Wai Kuma A Ƙara Wa Tarbo Wuta

Akwai wata sabuwar fatawa da ta shigo garejojin unguwarmu, kuma lokaci ya yi da za a tanka mata. Motar mutum ta yi zafi, tof gasket ya ƙone, a jawo ta gareji, a kwance kan injin a ajiye a gefe. Mai mota na tsaye yana lissafin abin da zai fita daga aljihunsa, sai a raɗa masa: "Alhaji, tunda dai an riga an buɗe, ai gara a yi mai gaba ɗaya. A sa mata babban tarbo, a taɓa ƙwaƙwalwar, a fitar da indomin nan da ke shaƙe ta, ka ga yadda za ta riƙa tashi." Idan mai motar matashi ne ma ba sai an raɗa masa ba. Shi zai zo da bidiyon da ya gani a TikTok ko YouTube, wani a Amurka ya ninka ƙarfin motarsa, ya ce shi ma haka yake so a yi wa tasa.

To ga matsayinmu tun da wuri, kada a ce mun yi kwana-kwana. Injin da ya ƙona gasket majinyaci ne. Ranar da aka buɗe shi, rana ce ta gano abin da ya sa ya yi zafi, a auna, a gyara hanyar ruwa, a rufe bisa ƙa'idar kamfanin da ya ƙera shi. Duk wanda ya ce a ƙara wa tarbo matsi a wannan ranar, ko dai bai san aikin ba, ko kuwa ya sani, dawowarka yake hange. Mutum ya taso daga jinya, ba ka ɗora masa buhun masara ka ce ya haye Dutsen Zuma.

Mu fara da motocin kansu, domin sun canza, mu kuwa ba mu canza ba. Iyayenmu da suka fara zuwa neman abinci Abuja sun zo ne a Pijo 504, irin wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. Injin da ke da haƙuri ne. Ka zuba masa ruwan rijiya, ka ɗaure da sifana da ƙarfin damtse, ya kai ka Kano ya dawo da kai. Da wannan hannun aka koyar da yawancin masu gyaranmu. Amma dubi abin da ke shigowa yau daga Legas da Kwatano: Honda Civic daga 2016, CR-V daga 2017, Accord daga 2018, Ford Escape da Edge masu injin EcoBoost, Mercedes C300 daga 2015, Lexus NX 200t, Passat da Tiguan. Da yawansu ƙaramin inji ne da tarbo a gefe. Accord ta 2017 mai injin lita 2.4 tana ba da ƙarfin doki 185. Ta 2018 injinta lita 1.5 ne kacal, amma tana ba da 192. Ka ji fa. Inji ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin uku, ƙarfi kuma ya ƙaru. Wato tun daga kamfani an riga an matse shi, ba wani ƙarfi da aka ɓoye maka a ƙarƙashin gado.

Yadda abin yake shi ne, hayaƙin da ke fita daga inji shi ke juya wata 'yar fanka a cikin tarbo, tana juyawa fiye da sau 150,000 a minti ɗaya. Ita kuma ta juya 'yar uwarta da ke tura iska cikin inji da ƙarfi. Iska ta ƙaru, a ƙara fetur, fashewar da ke tura fistin ta ƙara ƙarfi, zafi ma ya ƙaru. Wannan fashewa kuwa tana faruwa ne tsakanin kan inji, wanda makanikai ke kira tof silinda, da gangar jikinsa. Abin da ke tsakaninsu shi ne gasket, ɗan faifan ƙarfe da kaurinsa bai wuce kusan milimita ɗaya ba. Shi ke raba wuta da ruwa da baƙin mai, kowa ya bi hanyarsa. Kan injin kuma alminiyam ne, zafi ya yi masa yawa sai ya lanƙwashe, gasket ya sami kafa, wuta ta shiga ruwa, ruwa ya shiga mai. Daga nan ne za ka ga farin hayaƙi a salansa, lagireto na kumfa, baƙin mai ya koma kamar shayi da madara.

Abin da muke so kowane mai mota ya riƙe shi ne, gasket ba kasafai yake ƙonewa haka kawai ba. Ɗan aike ne, saƙo ya kawo. A unguwarmu kuwa saƙon sananne ne. Wa bai taɓa ganin an fasa ledar fiya-wata an ɗura wa lagireto ba? Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100, yana kawo tsatsa, ruwan burtsatse kuma ya bar gasa-gasa a cikin ƙananan bututun lagireto har su toshe. Kulant da aka haɗa yadda ya kamata, da murfin lagireto mai riƙe matsi, shi ke sa ruwan ya wuce digiri 120 bai tafasa ba. Murfin nan da ba a ɗauke shi a bakin komai ba, idan ya saki, an rasa wannan kariyar. Sai kuma babbar al'adar nan ta cire tamostat, wai ai na ƙasar sanyi ne. A injuna da yawa tamostat ƙofa biyu yake tsaro: yana buɗe hanyar lagireto, yana kuma rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa cikin inji. Ka cire shi, wani ruwan ya riƙa zagaye bai leƙa lagireto ba. Da safe kuma injin ya daɗe bai ɗumama ba, ƙwaƙwalwar mota ta ɗauka har yanzu sanyi ake, ta yi ta ƙara fetur. Haɗa wannan da ƙurar hunturu da ta like gaban lagireto, da zafin Maris da kan doshi digiri 40, da cunkoson Nyanya zuwa Mararraba da yamma, esi a kunne, mota ba ta motsi. Wannan ne ya ƙona gasket ɗinka, Malam. Idan aka sa sabo ba a taɓa ko ɗaya cikin waɗannan ba, sannan aka ƙara matsin tarbo a kai, me kake tsammani?

Sai maganar fetur, wadda masu wannan fatawa ba sa son a tayar. Injin tarbo yana da abokin gaba ɗaya da ya fi tsoro: wani ɓangare na man ya fashe da kansa kafin wutar fulogi ta iso gare shi. Kamar a buga wa fistin guduma ne daga sama. Yana cinye gefen gasket, yana fasa fistin. Abin da ke hana shi shi ne ƙarfin oktan na fetur. A Turai fetur na yau da kullum 95 ne, akwai kuma 98 ga mai so. A Amurka ma kowane gidan mai yana da aji-aji, mai motar da aka ƙara wa ƙarfi ya sayi na sama. Mu nan fa? Famfo ɗaya ne, aji ɗaya, abin da tanka ta sauke shi za ka sha, kuma ƙa'idarsa ba ta kai ta Turai ba. Ba mu manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai methanol fiye da kima, hukuma da kanta ta tabbatar, layuka suka cika gidajen man Abuja da Legas, motocin mutane suka lalace. Ballantana wanda ake saye a galan a bakin titi idan mai ya yi wuya.

Kamfanin da ya ƙera injin ya san motarsa za ta shiga hannu iri-iri, saboda haka yakan bar tazara tsakanin abin da injin ke bayarwa da abin da zai karya shi. Mai taɓa ƙwaƙwalwa wannan tazarar yake sayar maka da sunan ƙarin ƙarfi. Alhali mu a Abuja tuni muke cin ta kullum ba mu sani ba: zafin gari ya ci nasa, fetur ya ci nasa, ƙura ta ci nata, jinkirin juyen baƙin mai ya ci nasa. Ɗan abin da ya rage shi ke kai mu gida. Shi ne kuma ake so mu biya kuɗi a cire.

Kada a ce muna raina makanikanmu. Kamfanin Ford da kansa, da injiniyoyinsa da ɗakunan gwajinsa, a 2017 sai da ya yi kiranyen motoci sama da 200,000 a Arewacin Amurka masu injin tarbo lita 1.6, saboda ƙarancin ruwan sanyaya na iya sa kan injin ya tsage, mai ya zubo, wuta ta tashi. Waɗanda suka zana injin ke nan zafi ya ba su kunya. To ina ga wanda ya sauko da wani fayil daga intanet a kwamfutar cinya, bai san wanda ya rubuta shi ba, bai san da wane fetur aka gwada shi ba, ya ɗura wa motarka a gindin bishiya?

Akwai kuma abin da ke faruwa da kan injin kansa. Idan ya lanƙwashe sai a kai shi wurin masu injin gogewa a kankare. Madalla, haka ake yi. Amma duk abin da aka kankare yana rage ɗakin da wuta ke ci, wato matsi ya ƙaru tun kafin tarbo ya ce uffan. Kamfani yana da iyakar da ya yarda a kankare, wasu ma sun ce kada a taɓa, a sake wani. A injuna da yawa lanƙwasar da aka yarda da ita ba ta wuce milimita 0.05 ba, abin da bai kai kaurin gashin kai ba. Ido ba ya ganin wannan, tafin hannu ba ya jin sa. Sai da miƙaƙƙen ƙarfen awo da 'yan faifan gwaji. Amma sau nawa muke ganin yaron gareji zaune a ƙasa yana goge tof silinda da samfefa, sannan a shafe gasket da gam kamar ana shafa wa burodi bota? Gasket na ƙarfe mai hawa-hawa da ke cikin waɗannan injuna a bushe ake sa shi, fuska mai santsi yake so. Dogayen ƙusoshin da ke ɗaure kan injin ma, a yawancin motocin zamani an yi su ne su ɗan miƙe idan an ɗaure, sau ɗaya ake amfani da su. Ana ɗaure su bi da bi, daga tsakiya zuwa gefe, da sifana mai awo. Mu kuwa sai a wanke tsofaffin da fetur, a zura bututu a sifana, ƙato ya taka. Wanda bai mallaki sifana mai awo ba shi ne zai ƙara wa tarbo matsi? Haba jama'a.

Mun san amsoshin da za a ba mu, bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Za a ce ai a waje ana yi, motocin kuma lafiya lau. Gaskiya ne ana yi. Amma bidiyon minti ɗaya ba ya nuna maka sauran. Mai yin abin da gaske yakan sake fistin da sandunansa, ya sa babban intakula mai sanyaya iskar da tarbo ya matsa, ya sake famfon fetur da nozul, ya ɗora motar kan na'urar gwaji ana auna zafi da iska da mai har sai komai ya daidaita. Kuɗin da yake kashewa ya isa sayen wata motar. Yawancinsu kuma suna da motar zuwa aiki daban, wannan ta wasa ce, in ta fashe a yi dariya a sake ɗaukar wani bidiyon. Kai fa? Motar nan ita ce kai yara makaranta, ita ce asibiti da tsakar dare, wani ma Bolt yake yi da ita yana biyan mai ita duk mako. Kallon kitse muke yi wa rogo.

Za a ce tunda an buɗe, kuɗin aiki sau ɗaya ne, gara a haɗa. Wannan magana tana da gaskiya a cikinta, sai dai an karkatar da ita. E, akwai abubuwan da ya kamata a haɗa. A sake famfon ruwa. A mayar da tamostat na asali. A wanke lagireto ko a sake shi, da murfinsa, da robobin ruwan da suka kumbura. A duba bel ko sarƙar taimin. A sake robobin bawul, a kankare baƙin da ya taru a bayan bawul ɗin shigar iska, wanda injunan da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda suka yi suna da shi. A duba siririn bututun da ke kai wa tarbo baƙin mai, domin idan ya toshe tarbo ba ya daɗewa. A juye man da ruwa ya gurɓata, a sa irin wanda littafin motar ya ce. Ga inda kuɗin ya kamata ya tafi. Wannan shi ne ƙarin inganci na gaskiya, kuma mai motar zai ji bambanci, domin injin da ke sanyi yadda ya kamata ba ya sa ƙwaƙwalwa ta riƙa rage masa ƙarfi don kare shi.

Za a ce ai yana rage shan mai. Wannan kam sai mu ce a ji tsoron Allah. Ƙarfi daga mai yake fitowa, kuma ba wanda ke biyan kuɗi a ƙara wa motarsa ƙarfi don ya riƙa lallaɓa ta. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, a Oktoban 2024 ta haura 1,000 a nan Abuja. Dala kuma, wadda da ita ake sayo kowane inji da kowane tarbo da ke Apo da Zuba, ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 a 2024. Duk wanda ya je tambayar kuɗin injin Beljiyam kwanan nan ya san yadda ake dawowa da sanyin gwiwa. A irin wannan lokaci ne za mu yi caca da injin da muke da shi? Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Indomin ma mu faɗi gaskiyarsa. Abin nan mai kama da saƙar zuma da ke cikin salansa aikinsa tace gubar hayaƙi, kuma akwai ma'adinai masu tsada a jikinsa, shi ya sa yake da kasuwa a panteka, shi ya sa ake sace shi. Gaskiya ne ruwan da ya bi ta salansa lokacin da gasket ya ƙone yana iya lalata shi. To a gwada a gani. In ya mutu a sa wani, tsohon kuma a miƙa wa mai mota, kayansa ne. Amma a ce kowace mota da ta shigo gareji indominta ya toshe, kuma ba a taɓa ganin inda ya shiga ba, ai da walakin. Hayaƙin da ya daina tacewa kuwa a lungunanmu zai sauka, inda mai ƙosai ke zaune, inda yara ke wasa.

Amsa ta ƙarshe ita ce wadda ta fi zafi: motata ce, kuɗina ne, ina ruwanku? Da a cikin ɗakinka za ka tuƙa ta, da ba mu ce komai ba. An ƙara wa inji ƙarfi, giyabos yana nan yadda yake, kuma irin na CVT da ke cikin yawancin Hondar nan bel ne na ƙarfe a ciki, an auna shi daidai ƙarfin injin asali. Birki yana nan yadda yake. Tayoyin Beljiyam ne, lambobi huɗun da ke gefensu masu nuna mako da shekarar da aka yi su ba wanda ya duba. Dokar hanya ta ce ƙaramar mota kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a titin esfires. Duk motar da muka lissafa a sama tana wuce haka ba tare da an taɓa ta ba. To ƙarin na mene ne? Lissafi ne mai sauƙi: motar da ke gudun 140 tana ɗauke da kusan ninki biyu na ƙarfin karon da take da shi a gudun 100, tazarar tsayawarta ma haka. A titin Kubwa ko na filin jirgi, wanda ke tsallakawa ɗan unguwarmu ne, mai tura baro ne, mai sayar da rake ne. Mu baƙi ne da muka zama 'yan gari, duk Sallah sai mun cika mota da iyali mu bi ta Zuba mu miƙi hanyar Kaduna, wasu Zariya, wasu Kano, wasu Katsina da Sakkwato. Injin da ya tafasa a dajin hanyar Kaduna da magariba, da mata da yara a ciki, ba asarar kuɗi kaɗai ba ce, kowa ya san abin da muke nufi. Sannan idan motar ta fara ba da wahala, wa ake sayar wa? Maƙwabci, ɗan masallacinmu, ba tare da an gaya masa an taɓa ƙwaƙwalwa ba. Nan ne ruwanmu.

Mu masu mota ma muna da namu laifin, kuma ba ƙarami ba ne. Akwai makanikai a unguwar nan da ke faɗin gaskiya, su ce a sayi gasket na asali da sababbin ƙusoshi, a kai kan inji awo, a ba su kwana uku. Mu ne za mu ce sun cika tsada, mu je kasuwa a jera mana gasket kala uku mu ɗauki na ƙasa, mu kai wa wanda zai haɗa kafin la'asar. Araha ba ta ado. Muna korar mai gaskiya da hannunmu, sannan mu zauna a majalisa muna cewa makanikai ba su da amana.

Saboda haka ga abin da muke kira a yi. Mai mota, kafin a rufe injinka ka yi tambaya huɗu: me ya sa ya yi zafi tun farko, nawa aka auna lanƙwasar kan injin, ƙusoshin sababbi ne, ina sifana mai awo? Wanda ya san aikinsa ba zai ji haushi ba. Ka ce a nuna maka duk abin da aka cire. Idan aka kawo maganar ƙara matsi ko taɓa ƙwaƙwalwa, ka ce a rubuta maka a takarda cewa in injin ya buga cikin shekara guda su za su saya maka wani, ka ga ko za a sami mai sa hannu.

Shugabannin makanikanmu, musamman 'yan ƙungiyar NATA da ke cikinmu, kayan awon nan ba su fi ƙarfin adashe ba. Gareji biyar su haɗa kuɗi su sayi sifana mai awo, da ƙarfen auna kan inji, da famfon gwada matsin lagireto, da na'urar karanta ƙwaƙwalwar mota, a ajiye wuri ɗaya kowa ya ara. Hukumar NADDC takan shirya wa makanikai horo kan motocin zamani, a tura yaranmu su koyo. Motocin tarbo ƙaruwa za su yi ta yi, wanda ya iya su da gaske shi zai ci kasuwar gobe, daga Maitama ma za a biyo shi har lungunmu. Iyaye kuma, idan yaro ya zo da maganar a sa wa motar gida salansa mai ƙara da babban tarbo, ku tambaye shi wa zai biya kuɗin injin, wa kuma zai je gaisuwa gidan wanda aka kaɗe.

Wanda duk motarsa ke cin ruwa a 'yan kwanakin nan, ko allurar zafi ta fara wuce tsakiya a cunkoso, kada ya jira sai ana gobe tafiya, ba a fafe gora ranar tafiya. A kai ta yanzu, a gyara hanyar ruwa, a bar tarbo yadda mai shi ya saita shi. Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa wa sana'ar kowa albarka.